Gidan da Inna ta zaɓa a waya

Shekarar da ruwa ya shigo mana har ƙarƙashin gado, na rantse Inna ba za ta sake yin damina a gidan nan ba. Gidanmu yana gangaren Haɗeja, ɓangaren da kogi yake fara gaisarwa idan ya cika. Tun aurenta da marigayi mahaifinmu take zaune a ciki, ga ciwon ƙafa, ni kuma tsoro nake kada wata rana katanga ta faɗo mata. Da ƙyar na shawo kanta mu sayar, mu nemi wani a kan tudu. Ba ta dai ce e ba. "Kai ka sani," ta ce, ni kuwa na ɗauka an gama magana.

Na yi niyyar sa hotunan gidan a intanet da kaina, sai dillalin unguwarmu ya ji labari. Gajere ne mai waya biyu, ɗaya a kunne, ɗaya a hannu. Ya kalle ni kamar na ce zan yi wa kaina aski.

"Malam, gidan da mai shi ya sa da kansa, babu dillalin da zai taɓa shi. Ni zan jefa shi a zaurenmu na dillalai a waya, daga nan mutanenmu na Dutse da Kano su hau da shi shafukan sayar da gidaje. Inda muka ce ya je, nan zai je."

Ya sa muka kwashe kayan ɗakuna zuwa soro, ya yi ta ɗaukar hoto yana durƙusawa. Da na ce ya ɗauki ƙofar gida, sai ya yi dariya. Dillali ba ya nuna ƙofa, in ji shi, don mai saye zai gane layin, ya zo ya yi sallama da kansa, shi ke nan la'ada ta bi ruwa.

Muka shiga neman inda za mu koma. Kullum bayan la'asar nakan zauna kusa da Inna ina nuna mata gidaje a waya, tana kushe su. Wannan tsakar gidansa ko tabarma ba za ta shimfiɗu ba. Wancan kamar asibiti. Haƙurina ya kusa ƙarewa, sai ran nan muka ci karo da wani mai koriyar ƙofa tana ƙyalli, da banɗaki mai tayil. An rubuta wai kan tudu yake, ruwa bai taɓa zuwa ba. Akwai hoton tsakar gida da na wani ɗaki, bango fari tas. Inna ta karɓi wayar, ta matso da ita kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Wannan da dama-dama," ta ce.

Daga bakin Inna, wannan kirari ne. Nan take na kira lambar. Mutumin Kano ne, ya ce gidan yana hannunsa, sannan ya haɗa ni da na Dutse. Na Dutse ma ya ce yana hannunsa, ya haɗa ni da wani ɗan Auyo da na samu yana cikin gonar shinkafa. Washegari ɗan Auyo ya same mu ni da Inna a tasha, yana kan babur, muka bi shi a baya cikin adaidaita sahu. Shi ma ashe bai taɓa ganin gidan ba, ta waya ake masa kwatance.

Muka wuce masu kifi, sai na ga muna gangarawa maimakon hawa. Muka shiga wani layi, mai kanti ya ɗaga min hannu. Babur ya tsaya a ƙofar gidanmu, ga dillalinmu tsaye ya sha babbar riga yana jiran masu saye. Ranar na fara ganin kunnensa babu waya.

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ashe ƙofar ta wani gida ce a Dutse, banɗakin kuwa babu wanda ya san mai shi, na Kano kuma shi ya goge shatin ruwa daga bango. Na ce a sauke min gida daga intanet yanzu-yanzu.

"Malam, ya fita hannuna," in ji dillali. "Yana shafuka da yawa, kowa da ƙofar da ya sa masa."

Inna tana cikin adaidaita tana jin mu. Ta sauko a hankali, ta shige ciki. Na bi ta, na tarar ta zauna a tsakar gida tana murza gwiwa.

"Inna, dama kin gane shi?"

"Ni da nake sharar tsakar gidan nan tun kafin a haife ka, sai in kasa gane shi don an canza masa ƙofa? Kai ka ce in zaɓa. Na zaɓa."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai tausayinta ya kama ni, na ji idona ya ciko. Tsorona yana nan bai je ko'ina ba, amma na bar maganar sayar da gida.

A satin nan na sa aka sauke mana yashi, na kira magini ya ɗaga dokin ƙofa, ya ƙarfafa gindin katanga. Inna ta sa kujera ta zauna tana nuna masa da sanda ta inda ruwan yake fara shigowa. Ba ta ƙofa ba ne ma, ta bayan madafa ne, kuma ban taɓa tambayarta ba.