Sunan da ke Ƙarshen Waƙa

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Rabah ya san Gwaggo Juwairiyya, ko da ta ƙamshi ne. Kifin dam ɗin Goronyo take soyawa, kuma ba ta iya miƙa maka shi ba tare da ta gaya maka hularka ta karkace ba. Ba 'yar garin ba ce. A Tungar Yusha'u aka haife ta, can ta yi aure, can aka binne mijinta, har shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen. Ta shigo Rabah da kasko a ka, tana jan hannun Zaharaddeen, marayan ɗan ƙaninta.

Zaharaddeen ya girma ya kama gambarar zamani. Gwaggo ba ta taɓa yarda waƙa ce ba. Cewa take yi faɗa ne aka sa wa kiɗa. Amma da ya ce zai yi waƙar ƙauyukan da aka tasa, ita ta zauna tana ɓare ƙayar kifi tana jero masa sunaye, arba'in da ɗaya, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Nata ta bari a ƙarshe. Kunya ba ta barin mutum irinta ya fara da gidansu.

Kundin waƙoƙinsa ya fito, ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. 'Yan kabu-kabu suka riƙa yawo da shi daga Wurno har Marnona. Masu sharhi a rediyo suka yaba, wasu har da Turanci. Sai dai duk bakinsu ya zo ɗaya a kan waƙar ƙarshe: ta yi tsawo, sunaye ne zalla, mai saurare yana gajiya. Kamfanin da ya ɗauke shi ya ce a tsaya a suna na ashirin kafin a yi bidiyo.

Da kansa ya zo ya durƙusa gefen murhu ya yi mata bayani, yana ta kwana-kwana. Ina wurin ina jiran mota, wallahi ya ba ni tausayi, don ya fi tsoronta a kan kamfanin.

"Mi sunka ce?" ta tambaye shi.

"Wai ta yi tsawo, Gwaggo."

"Ta yi tsawo. Mu da munka taka hanyar da ƙafa ba mu ce ta yi tsawo ba."

Ta juya kifi.

"Ɗana, garinmu ba shi da masallaci yanzu, ba shi da rijiya. Bakinka kaɗai yar rage mai. An tashe mu sau guda. Kak ka tashe mu na biyu."

Bai cire ko suna ɗaya ba. Kamfanin ya fasa bidiyon, gidajen rediyo kuma suna katse waƙar a tsakiya.

A tashar Rabah dai ana sa ta har ƙarshe. Direba ya isa ya tada mota kafin Gwaggo ta ji an ce Tungar Yusha'u?