Kujerar Inna Hanne a Jirgin Araha

Har yau ban manta da shuu-shuun rediyon nan ba. Ina tankaɗen gari a tsakar gida, maigidana yana murɗa shi, sai muka tsinci labari: gwamnati na tattaunawa da wani kamfanin jiragen sama na ƙasar waje, a ba shi izinin tashi daga Kano zuwa Jidda da araha. Bayan yaƙin basasa ne, ina buga tafireta a ofishin alhazai a Gaya, aikin safe kawai, in dawo in ɗora girki.

Ku da kuke aikin yanzu, ku gane: jirgin wata ƙasa ba ya sauka a taku sai gwamnatocin sun zauna sun daidaita hanya da farashi, sun sa hannu. Ni a lokacin na ɗauka in rediyo ya faɗa, an gama.

Sai ga Inna Hanne daga Gafasa, tsohuwa mai daddawa, shekara da shekaru tana tara kuɗin aikin Hajji. Na ce, "Inna, bana kam sai Makka, abin hannunki ya isa." Ta riƙe hannuna tana ta sa mini albarka.

Ta koma ta bi gida-gida tana neman gafara, yadda maniyyaci ke yi. Ta raba tukwanenta, ta kyautar da akuyarta. Gari ya rako ta tashar Ajingi, ana ta Hajiya, Hajiya.

Takarda ta riga Inna isowa ofis. Shugabanmu ya ajiye mini a tebur: zama ya watse, ba a daidaita kan farashi ba, tsohon kuɗi na nan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda suka yi sallama da gida fa?"

Ya ce, "Malama, wa ya ce su yi sallama?"

Na sunkuyar da kai.

Da na gaya mata kuɗinta ba zai isa ba, Inna ta ƙi komawa Gafasa. "Da wane ido, 'yar nan?" Na ba ta ɗaki a gidana, kullum da safe ta tambaye ni ko an sake zama. Ba a sake ba. Kafin damina Allah Ya karɓi abarSa.

Daga nan na san manya in sun tashi daga teburi gida suke tafiya, amma talaka da ya yi sallama ba shi da wurin komawa. Ban ƙara yi wa kowa albishir ba sai na ga sa hannu.

Ranar sadakar uku, 'yata Talatu, tana da shekara biyar, ta ja zanina.

"Umma, to in jirgin ya zo, wa zai je ya gaya wa Inna?"