Gurbin da Tani Ta Hana a Cike

Duk wanda ya zauna a Ammariyya a shekarun tamanin ya san tsohon benen nan mai tagogin katako da ake kira gidan aljanu. Ni na san aljanun ɗaya bayan ɗaya, don ɗana yana cikinsu. Sunana Turai, goro da gyaɗa nake kasawa a bakin titin Sharafiyya. Labarin Tani zan ba ku, matar da na fi jin haushinta a duk garin Jidda, kuma ranar da aka fita da gawarta ba wanda ya kai ni kuka.

Tani 'yar Gaya ce. Ta zo aikin hajji da mijinta a 1976, zazzaɓi ya ɗauke shi a Mina, ita kuwa ta ƙi komawa gida. Ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili mai tsaya mata, kamar yawancinmu. Gajera ce, baƙa wuluk, ga ido da idan ta kafa miki sai kin duba ko zanenki ya kwance. A gida ta taɓa koyar da mata a ajin yaƙi da jahilci. A nan tsintsiya aka miƙa mata, tana share wata makarantar 'yan mata da safe. Ta ce mini duk zamanta a wurin ba ta taɓa ganin mai irin fatarmu riƙe da alli ba, daga tsintsiya sai bokiti. Abin nan ya tsaya mata a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

'Ya'yanmu ba sa zuwa makaranta, tunda ba su da takarda. Sai Tani ta fara tara su a ɗakin sama na benen nan bayan azahar, lokacin da zafi ke kwantar da gari. Amma fa ɗan Bahaushe bai iya karatu a hankali ba. Yara kaɗan suka ɗauki karatu, unguwa duka ta ji, motar kame kuma ba ta nisa da mu. Don haka ta kafa doka: ba murya. Tun daga ƙofar gida kowa zai cire takalminsa ya rungume. Ta yi rubutu a bango da guntayen allin da ta tsinto a shara, ta nuna da yatsa, yara su karanta da leɓe kawai, ita kuma ta bi bakunansu da ido. Wanda ya yi kuskure daga leɓensa take ganewa. Ta murɗe masa kunne, shi ma kukan da baki a buɗe zai yi shi, ba sauti.

Ranar da na fara hawa ɗakin, na ga abin mamaki. Yara cike da tabarma, maza gefe, mata gefe, suna rangaji gaba da baya, bakuna na buɗewa suna rufewa tare, amma ba abin da kake ji sai ƙarar katakon ƙasa. Wani tsoho mutumin Yaman mai kanti a ƙasan benen, wanda bai fiye leƙa titi ba da rana, shi ma abin da yake ji ke nan kullum. Wata rana ya ɗaga kai ya ga ƙananan fuskoki a ramukan taga suna motsa baki, ya rufe kanti ya tafi neman mai ruƙiyya. Tani ta ji labari ta yi murmushi. Ta ce aljanu ai ba a tambayarsu iƙama.

Ɗana Jabiru bai kai shekara goma ba. Yana da wushirya, kuma in aka kira shi jan amsar yake yi, “na'aaam”, kamar mai jin barci. Wata Alhamis ya bi ubansa unguwar Kurayyat ɗaukar kaya, motar kame ta tare titi, aka kwashe su tare. Na bi duk inda aka ce ana tsare mutane. Na aika saƙo garinmu Gumel ta bakin kowane alhaji mai komawa. Wasu suka ce jirgin ruwa aka sa su, wasu suka ce an gan su a Port Sudan. Ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Bayan wasu makonni na hau benen don in ɗauko allonsa. Na tarar ana karatu, sai na tsaya a bakin ƙofa. A ƙarshen layin maza, inda Jabiru ke zama, an bar fili daidai zaman yaro ɗaya. Tani tana bin layi tana nuna yara, kowa ya karanta nasa. Da ta zo kan filin sai ta nuna shi. Ta tsaya. Ta zuba wa wurin ido tsawon karatun yaro, ta girgiza kai, ta sake nuna bangon, ta sake jira. Sannan ta gyaɗa kai ta wuce na gaba. Ko yaro ɗaya bai yi mamaki ba.

Na ja ta zuwa matakala.

“Yaya Tani, wane irin abu ne wannan?”

“Layinsa ne ya zo.”

“Ba ya nan! Kin san ba ya nan!”

“Ba wanda ya zo ya ce mini ya bar makaranta,” in ji ta. “Ki bar allon, zai buƙace shi.”

Wallahi da ba don tsoron Allah ba da na tura ta ƙasa. Na sauka ba allon, kuma daga ranar nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Daga baya na ji haka take yi wa duk yaron da aka kwashe. Ba a cike gurbinsa. Sabon ɗalibi ya zo, sai dai a ƙaro tabarma. Shekara ta bi shekara, ɗakin ya zama rabi yara rabi gurabe.

Yarinyar da ke zama a gefen gurbin Jabiru, a farkon layin mata, ita ce Rabi'a, 'yar wata mai wankau, haifaffiyar Jidda. Ko gefen mayafinta ba ta bari ya faɗa cikin filin. Tani ta ɗora ido a kanta tun tana ƙarama. Takan ce ita ba masu karanta allon kanti take nema ba, mai riƙe alli take so ta fitar. Ta yi ta sintiri gidan wasu Larabawa da take yi wa wanki har suka yarda suka tsaya wa Rabi'a kafili. Ta bi matan unguwa, wannan ta ɗinka riga, waccan ta ɗauki abincin rana, har yarinyar ta gama makarantar horon malamai ta dawo da shahada, wato takardar shaidar kammalawa. Sai dai abu ɗaya ya biyo ta daga benen: ba ta da murya. Ba bebiya ba ce, amma in tana magana sai ka kai kunne kusa da bakinta. Ita kuwa Tani a wannan tsakanin kunnuwanta suka toshe gaba ɗaya. Ba ta damu ba, ta ce dama can ba da su take aiki ba.

A 2006 Alhaji Abdulghaffar, ɗan kwangila, jikan mahajjatanmu na da, ya samo izinin buɗe wa jama'armu makaranta ta gaskiya a Kurayyat, mai ƙofa da allon suna. Kowa ya ɗauka Rabi'a ce za ta zama mudira, wato shugabar makarantar. Sai muka ji kwamitin dattawa sun yanke shawarar ɗauko wata daga waje, farar fata. Tani ta yafa abaya ta same su a majalisinsu, ba wanda ya gayyace ta. Waɗanda ke wurin suka ba ni labari.

“Ya khala, wallahi mu ma muna so,” in ji Abdulghaffar. “Bas idan masu duba makarantu suka zo, wa za su saurara? Yarinyar nan ko muryarta ba a ji. Halas, magana ta ƙare.”

Tani ta daɗe tana kallon bakinsa.

“Na ga abin da ka faɗa, Alhaji. Na kuma ga wanda ka haɗiye. Fuskar uwarka ce ba ka so a gani a kan kujera.”

Don ya rabu da ita, ya ce to, a tara iyaye a farfajiyar makarantar, Rabi'a ta tsaya ta yi magana. In na layin baya ya ji ta, kujerar tata ce. In bai ji ba, kada Tani ta ƙara tayar da zancen. Ya san abin da yake yi.

Tsohuwar nan ta bi gida gida da ƙafa, daga Ammariyya har Kurayyat, tana neman duk wanda ya taɓa zama a tabarmarta. Ta ce manya kawai take so, a bar yara a gida. Ni ce ta ƙarshe. Ta tsaya a kan tirena ta tare mini masu saye.

“Turai, ki zo ranar Juma'a bayan la'asar.”

“In zo a matsayin wa?”

“Uwar ɗalibi.”

Na zage ta, na tabbata ta ga zagin a bakina. Ranar Juma'a kuma na riga kowa zuwa.

An yi wa farfajiyar rumfa, tayil ɗin ƙasa da sanyi. Dattawa suka jeru a kujeru ta gaba. Sai tsofaffin ɗaliban suka fara shigowa: direbobi, 'yan dako, masu aikin gidaje, wasu da furfura a gemu. Ba wanda ya ce musu komai, amma kowa ya zo ƙofa sai ya cire takalmi ya rungume. Suka zauna a ƙasa, maza gefe, mata gefe, kowa ya bar gurbin da ya sani a kusa da shi. Ban taɓa ganin taron Hausawa ba tari ba gyaran murya sai ranar. Wani dattijo ya soma karanta addu'a ƙasa ƙasa.

Rabi'a ta miƙe, doguwa. Ta buɗe baki ta yi sallama. Ba abin da ya fito. Amma taron duka suka amsa mata da leɓe, bakuna sama da ɗari suna motsi tare, suna rangaji. Ta ci gaba, suna binta. Na ga carbin Abdulghaffar ya tsaya cak a hannunsa. Ya dubi na kusa da shi, ya dafa gwiwa zai tashi.

“Kun gani dai. Yalla, halas.”

Sai Tani ta miƙe. Ba wanda ya taɓa jin muryarta a cikin aji. Ta fito da ƙarfi, a karkace, irin ta wanda ba ya jin kansa.

“Na ɗage dokar! Rabi'a, buɗe bakinki. Kira mini su duka.”

Rabi'a ta gyara tsayuwa. Ta dubi layin farko.

“Usuman.”

Kamar ƙofar da ta daɗe a rufe, haka muryar ta yi ƙara. Wani ƙaton direba ya amsa “na'am”, ya fashe da kuka. Ta kira na gaba, da na gaba, ba takarda a hannunta, muryar tana ƙara buɗewa har ta kai bangon baya ta dawo. Da ta zo kan gurbi ba ta tsallake ba. “Mastura.” Shiru. Ta jira, ta wuce. “Husaini.” Shiru. Ni ina jingine da bango, ina roƙon Allah ta manta. Ba ta manta ba. Ta juyo ga ƙarshen layin maza.

“Jabiru.”

“Na'aaam.”

Ƙaramar murya ce, ta yaro, a ja. Ba yaro ko ɗaya a farfajiyar nan. Daga baya wasu sun ce daga titi ta shigo, wasu sun ce mage ce. Abdulghaffar ya rantse bai ji komai ba, amma na ga fuskarsa a lokacin. Tani kuwa, wadda ko tsawa ba ta ji, ba bakin kowa take kallo ba. Gurbin take kallo, kuma daidai lokacin ta gyaɗa kai.

Abdulghaffar ya miƙe ya ce, “Mabruk, ya mudira,” ya nemi takalminsa da sauri. Rabi'a ta riƙe makarantar, ta kuma fitar da malamai daga cikin 'ya'yanmu, har wata ta zama mataimakiyarta. In ta yi tsawa yanzu daga bakin titi ake ji. Tani ta rasu a 2011, a ɗakin nan na sama.

Ni dai ranar Juma'ar nan ta farfajiyar makaranta nake komawa kullum. Na san muryar ɗana. Shekaru ashirin ina lissafa masa girma, ina cewa yanzu ya yi gemu, yanzu ya yi aure a wani gari. Da yana raye, muryar magidanci ce za ta amsa.

Da jama'a suka watse ban iya motsi ba. Tani ta zo ta kama hannuna, ta ja ni har ƙarshen layin maza.

“Ya sauke,” in ji ta. “Zauna, uwar ɗalibi.”

Na zauna. Tayil ɗin farfajiyar duk da sanyi, amma wurin nan da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi.