Sabis Ɗin Bai Kai Ɗakin Hajiya Ba

Ranar da na sayo na'urar wayifai, na tsaya a tsakar gida na ce daga yau ko akuyarmu za ta iya kiran bidiyo daga turke. Saboda mahaifiyata na saye ta. Ciwon ƙafa ya hana ta fita daga ɗakinta da ke can ƙuryar gida, ga ƙanwata ta haihu a Legas, na kuma yi alkawarin za ta ga jaririn ta waya ranar suna.

Da safen sunan na shiga ɗakin Hajiya na duba waya, babu sabis ko ɗigo. Ɗakin tsohon ginin ƙasa ne, kaurin bangonsa kamar duwatsun garin nan namu. Na'urar kuma maiɗakina ta adana ta cikin kabet, bayan kwanukan jerenta, wai abu mai tsada ba a barinsa a fili. Na fiddo ta ina jan igiyar wuta, na ɗora a taga, na rataya a darbejiya, har kan akurkin kaji na hau, gumi na zuba. Ƙanwata na ta kira, kiran na katsewa.

Hajiya kuwa ta ɗaura sabon kallabi tana jira. Ƙarshe ni da maiɗakina muka tallabo ta zuwa falo, ta ga jikanta, ta sa masa albarka. Sannan ta dube ni.

"Injiniya," in ji ta, "ka ce sabis ɗin zai zo ya same ni. Ashe ni zan je gaishe shi."