Yatsun Kawu da Geron Fadama

Shekarar da na yi aure, Nasara ba su daɗe da zama Sakkwato ba, na shuka gero a fadama, gindin gulbi. Shi ne abincinmu na shekara ni da amaryata, ba ni da wata gona. Ya fid da kai gwanin sha'awa, saura kamar kwana goma shi nuna, sai ruwa ya fara hawa.

Ina da kawu kusa da Hubbare, malamin hisabi. Akwai wata giginya bakin gulbi, kullum da hantsi yakan je ya auna hawan ruwa a jikinta da yatsunsa, ya dawo ya rubuta. Mahaifinsa ya fara wannan aiki, takardun sun cika gafaka biyu. Mutane na cewa Malam ya rasa abin yi. Ni ma, Allah shi gafarta mini, na faɗa.

Wata safiya ruwa ya yi tsalle, yatsa tara a kwana guda. Maƙwabtana sunka ruga sunka yanke geronsu ɗanye. Na sheƙa gidan Kawu ina haki.

"Kawu, na mutu! In yanke?"

"Zauna, sarkin gaggawa," in ji shi. "Awon kwana ɗaya maƙaryaci ne. Ruwan sama ne na jiya ya gangaro daga gari, gobe zai faɗa."

Ya tara awon kwana bakwai, ya raba bakwai, ya jera shi da na shekarun mahaifinsa har ya sami shekara uku masu irin wannan tafiya.

"Kwana goma sha ɗaya kafin shi taɓa gonarka. Ka yanke ran na goma."

Na bar geron, amma wallahi tuwo bai yi mini daɗi ba. Washegari ruwa ya faɗa, na riƙa yawo a kasuwa ina taƙama kamar ni na yi lissafin.

Ran na tara da azahar sai ga ruwa cikin kunyoyi! Ni da amarya da 'yan'uwanta munka faɗa gona, muna yanka, ruwa har gwiwa, tana yi mini tsiya: "Ina kwana biyun kawunka?" Munka fid da geron sarai, ya nuna, ko zangarniya ba ta salwanta ba. Murna kamar in yi kuka.

Na kai wa Kawu dami guda, ya ƙi ko dubansa. Kwana biyun nan sun tsaya mishi a rai. Mako guda yana birkita takardu, sannan ya aiko in zo. Na iske shi a zaure, ya shimfiɗa tafin hannunsa bisa wata tsohuwar takarda mai zanen hannun mahaifinsa, yana dariya, idonsa da ƙwalla.

"Ɗana, lissafi bai yi ƙarya ba. Baba siriri ne, yatsansa biyar nawa huɗu ne. Shekara ashirin ina gwada hannuna da nashi, ban lura ba." Ya share ido. "To, kawo damin."