Koren Ruwan Kaltumi

Kaf unguwar Yalwawa an san Kaltumi da tsabta. Mace ce da in ƙuda ya sauka a tabarmarta sai ta wanke wurin. 'Yar masunta ce daga Haɗeja, aure ya kawo ta Dutse, inda kifi sai na kasuwa. Kewar gida ta sa ta gina kwamin siminti a bayan ɗaki, ta zuba 'ya'yan tarwaɗa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da ruwan ya soma kore sai ta zubar, ta dirje kwamin tas, ta cika da na famfo. Kifayen kuwa sai mutuwa suke.

"Wannan zubin ne na ƙarshe," in ji mijinta Tasi'u. "In suka mutu, kwamin ya zama akurkin kaji."

Maganar ta soke ta. 'Yar masunta guda, a ce kifi ya gagare ta!

Maƙwabciyarta Hadiyya, malamar kimiyya a sakandare, ta tarar da ita za ta sake zubarwa. Ta ɗebi ruwan a kwalba, ta ja Kaltumi makaranta, ta ɗiga shi a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu.

Kaltumi ta leƙa, ta yi tsalle baya. "La'ilaha illallahu! Ai kasuwa ce ke ci a ciki!" Wasu na juyi, wasu na wutsil-wutsil, wani mai ƙaho yana ta haɗiye ƙanana.

"Taki, irin su kashin kaji, ke ciyar da ƙananan halittun nan, Yaya," Hadiyya ta ce tana dariya. "Manyan su rage su, kifinki su cinye manyan. Abincinsu kike zubarwa. Amma in takin ya yi yawa, ruwan ruɓewa zai yi."

Ranar nan Kaltumi, sarauniyar tsabta, da hannunta ta ƙulle kashin kaji a tsumma ta jefa a kwami. Ruwan ya yi kore shar. Kullum hannunta na ƙaiƙayin soso, ta danne. Kifayen suka rayu, suka yi ɓul-ɓul, murna har ta hana ta zama.

Da kawunta ya zo daga Haɗeja, ta tsaya tana jin kunyar launin ruwan. Tsohon ya duƙa, ya kamfata, ya shinshina.

"Kaltumi, ina kika samo ruwan gidanmu?"

Ta buɗe baki za ta amsa, hawaye suka riga ta.