Tururuwa a Nonon Kadoa

Kadoa matar ɗana Achana ce. Daga Paga aka auro ta, kuma tun satin da ta tare na san za mu sha wahala da juna, don ba ta musu. Mace mai musu na san maganinta. Ita kuwa in an faɗa mata magana sai ta ce, "To, Mama," ta juya ta je ta gwada da hannunta.

Uwarta ta rasu tana 'yar shekara tara, a lambun tumatirin ubanta ta girma. Can ta koyi zuba iri a ruwa, ta kwashe wanda ya taso ta zubar. Ƙwan zabo ma ba ta saye sai ta tsoma a ruwa, shi ya sa masu ƙwai a kasuwar Nabrongo in sun hango ta sai su kau da kai. Na taɓa cewa baƙar kazarmu ta daina ƙwai, a yanka. Ta kife ta da kwando kwana uku, ta kawo mini ƙwai biyu ta ajiye a gabana, ta durƙusa ta gaishe ni ta tafi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ni kuwa shekara arba'in ina gwajin nono a ƙauyenmu. Mace in ta yi haihuwar fari, a tatsi nononta a ƙoƙo, a jefa baƙar tururuwa. In ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu, nono mai ɗaci ne, a raba shi da jariri har a wanke uwar da saiwoyi. Ƙoƙon gwajin daga uwar mijina na gada. Duk na gama aiki sai na wanke shi na murza masa man kaɗanya, har ya zama ana ganin fuska a ciki. Shekara goman nan kusan duk wadda na gwada ɗaci ne. Na ce dunƙulen miya ne, da wayar da suke cusawa a rigar nono, mutane kuma suka ce tsohuwa ta gano.

Naƙudar Kadoa kwana biyu ta yi, yaro ya gitta a ciki. Aka ɗauke ta a babur mai ƙafa uku zuwa asibiti, aka yi mata aiki aka ciro namiji. Na shiga ɗakin masu jego ina ba da labarin yadda na haifi bakwai a bayan rumbu, wata nas 'yar ƙarama ta nuna mini ƙofa da yatsa ɗaya. A ƙarƙashin bishiyar mangwaro na ƙarasa labarin, wa wani mai karyayyar ƙafa da ba ya iya gudu.

Rana ta biyar suka dawo gida. Kadoa tana tafiya a duƙe kamar mai neman allura, tari ma sai ta dafe ciki da hannu biyu. Achana ya ce an hana ruwan zafi a ciki, an hana danna ciki, an hana ɗaure shi. Duk abin da na iya ke nan, aka kwashe tas.

Yaron kuwa ya ƙi kama nono. Nonon ya cika ya yi tauri kamar ɗanyar gwanda, kan ya tsattsage. In an ɗora mata shi a cinya sai ƙafarsa ta taɓa ɗinki, gumi ya karyo mata. Ya laluba, ya zame, ya tsala kuka. Washegari kukan ya koma siriri, tsummansa tun asuba a bushe. Wannan ba ya bukatar boko, na san abin da bushewar tsumma take jawowa.

Na aika aka kira Kayaga, matar wan mijina, da wasu tsofaffi biyu su zama shaida. Na tsuguna bakin rumbu na zaɓo tururuwa ƙosassu. Da ƙyar muka samu ɗan nono rawaya a ƙoƙo. Na jefa ɗaya, ta zagaya, ta kama gefe, ta sulluɓo, ta sake, ta miƙe ƙafafu.

"Ɗaci," na ce. "Shi ya sa ya ƙi. Yaron ya fi uwarsa hankali. Achana, maza rugar Fulani ka karɓo madara."

"To, Mama," in ji Kadoa.

Da madara ta iso, tana kwance ta ce, "Mama, tunda ita zai sha, a gwada ta ita ma."

"Saniya za ki gwada? Haihuwar fari ta yi?"

"Ke, yi mata mana," in ji Kayaga. "Tururuwar saye kike yi?"

Na zuba, na jefa. Ta mutu.

"Ikon Allah," in ji Kayaga. "Saniyar ma waya take sakawa a riga?"

Kadoa ta ce a zuba ruwan randa. Na jefa wata, ita ma ta yi ta iyo tana zamewa har na tsame ta da tsinke don kunya. Sai Kadoa ta karɓi ƙoƙon, ta goge da bakin zaninta ya bushe ƙarau, ta saki tururuwa a ciki ba ruwa ba nono. Mu huɗu muka sunkuya muna kallo. Baiwar Allah ta hau, ta gangaro. Ta hau, ta gangaro.

Kayaga ta faɗi zaune tana buga ƙasa. "Wayyo cikina! Shekara arba'in kina shafa wa rijiya mai, kina zagin mai faɗawa!"

"Baba, ki bari," in ji Kadoa tana dafe da ɗinki, hawaye na zuba. "Dariya ciwo take mini."

Aka ɗauko sabon ƙoƙo mai kaushi, aka ɗiga nononta. Tururuwa ta taka ta fito, ta tsaya a baki tana share ƙafa. A nan dariyar Kayaga ta tsaya, don bara ni na hana jikarta shayarwa kwana shida, yarinyar da aka haifa har yau ba ta yi ƙwari ba. Ta kalle ni, na kalli ƙasa. Gidajen da na ce nononsu ɗaci ne suka riƙa zuwa mini a rai ɗaya bayan ɗaya.

Amma fitar tururuwa ba ta sa yaro ya sha ba, yana nan kwance baki a bushe.

"Mama, nas ta gaya mini yadda za a yi," in ji Kadoa. "A gasa da tsumma mai ɗumi, a tatse kaɗan ya yi laushi, in kwanta ta gefe, wani ya tare shi kada ya taɓa ɗinkin."

"Me ya hana ki faɗa tun jiya?"

"Sau biyu na fara. Kika ce ba a koya miki jego."

Na ɗora ruwa da kaina. Tatsa dai na iya, na yi wa awaki tun ina yarinya, ko da yake akuya ba ta cije leɓe ta ce a ci gaba. Da nono ya saki, na hau tabarma na kwanta muna fuskantar juna, yaro a tsakani, hannuna ɗaya a bayansa, ɗaya riƙe da ƙafafunsa. Ya kama ya saki. Ya kama ya saki da kuka.

"Buɗe baki, ɗan nema," na ce. "Kakarka kaf ƙauyen nan ba mai girman bakinta."

A na huɗu ya wangame, ta tura masa kan nonon har baƙinsa ya shige. Sai muka ji ƙut, ƙut, yana haɗiya. Kadoa ta rufe ido. Hannuna ya mutu har kafaɗa, ban motsa ba.

Sati uku ina wannan aiki, sau goma a rana. Ni da ake aiko wa zabo ladan gwaji daga ƙauyuka uku, na koma matashin jingina. Kadoa ba ta taɓa tayar da maganar ƙoƙon ba, har ta warke ta koma lambu da shi a baya.

Amma a ranar farkon nan, da la'asar, ina kwance ina tare da shi sai na ji ɗumi yana bin cinyata. Na zabura na fita tsakar gida ina ɗaga zani sama.

"Ya yi! Ku zo ku gani, ya jiƙa ni!"

Kayaga ta matso, ta leƙa zanen, ta leƙa fuskata.

"Kin tabbata nasa ne? A shekarunmu fa sai an bincika."

"Nasa ne, tsohuwar banza," na ce, na koma ciki da sauri don ya fara neman ɗaya nonon.